Hajiya Adama Mai Ƙunshi, Wadda Ta Karanta Agarar Danginta

Haihuwa da Nasaba

An haifi Hajiya Adama Yahuza, wadda aka fi sani da Adama Mai Ƙunshi, a shekarar 1948, a garin Nasarawan Doya da ke ƙasar Makarfi. Wasu dattawan mata suna cewa 1947 ne, amma takardar da aka yi mata ta tafiya Makka 1948 ta nuna, shi ya sa aka bi ta a nan, Allah kuwa shi ne masani. Sunan mahaifinta Malam Yahuza, manomin rake mai dafa mazarƙwaila, sunan mahaifiyarta Bilki, Bafillatana daga wata ruga da ke kusa da Kurmin Kogi a ƙasar Ikara. Ita ce ta tsakiya cikin 'ya'ya uku da suka rayu: yayanta Gambo, sai ita, sai ƙanenta Ja'afaru.

Abu biyu aka san gidansu da shi a ƙasar. Na farko mazarƙwaila. Na biyu kuwa, wanda ba a faɗa a gabansu, shi ne gajeren kwana, domin iyakar abin da tsofaffi suka iya tunawa, ba a taɓa samun namijin da ya tashi a gidan ya cika shekara hamsin ba. Mazan dogaye ne, sirara, ƙarfafa, ba su da tumbi ba su da jinya, sai dai kurum a ji wane ya dafe ƙirji a gona ya zauna, bai ƙara tashi ba. Da yawansu suna da wata alama: wani ƙullutu mai tauri da ke fitowa a agara, wato jijiyar nan mai kauri ta bayan ƙafa da ke saman dunduniya, wani lokaci har a gaɓoɓin yatsun hannu, wasu kuma da ɗigon rawaya a fatar ido kamar an manna tsabar gero. Suna kiransa ƙullun gida, kuma ba sa ɓoye shi. In ya fito wa saurayi sai a ce, to, ɗan gida ya tabbata.

Al'adar Arba'in

Saboda haka gidan ya kafa wata al'ada da ba a san ta a wani gida ba. Duk namijin da ya cika shekara arba'in yakan je Makarfi ran kasuwa ya yanko farin yadi na likkafaninsa, ya kawo wa mahaifiyarsa ko matarsa ta ajiye, sa'an nan ya zaga da 'ya'yansa ya nuna musu iyakokin gona, ya kuma ambaci wanda zai riƙe marayunsa. Wannan mai riƙo ba a zaɓarsa daga cikin mazan gida, tun da duk hanyarsu ɗaya. Daga 'ya'yan matan gida ake zaɓarsa, waɗanda aka aurar waje, domin sun yi imani cewa ɗan mace jinin wani gida ne, gajeren kwanan ba ya bin sa.

Malam Yahuza ya cika wannan al'ada a 1957, ya kuma rasu a farkon 1961 yana da shekara arba'in da huɗu. Da hantsi ne, yana kora dokin da ke juya injin matse rake, Adama kuma, tana 'yar shekara goma sha uku, ta kawo masa fura. Ya miƙa mata igiya ya ce, “Riƙe mini dokin nan,” ya zauna a kan tarin ɓawon rake. Ta daɗe tana riƙe da dokin kafin ta gane.

Karatu da Koyon Sana'a

Adama ta yi makarantar allo a garinsu har ta kai izifi goma sha biyu. Ba ta yi boko ba, ko da yake daga baya ta shiga ajin yaƙi da jahilci ta iya rubuta sunanta. Bayan rasuwar mahaifinta sai ƙanwarsa, Gwaggo Zubaida, wadda ita ke yi wa amaren garin ƙunshi, ta ɗauke ta ta koya mata sana'ar: yadda ake zaɓen ganyen lalle, da dakansa, da kwaɓinsa, da yadda ake wanke ƙafa a murza ta tun daga dunduniya har sama kafin a ɗora lalle, don ya kama.

Ƙafar da ta fara koyo da ita ta Gwaggo Zubaida ce. An ruwaito cewa da ta kama agarar tsakanin babban yatsa da manuni sai ta saki, ta ce, “Gwaggo, ai irin na Baba ne.”

Gwaggon ta yi dariya ta ce, “Ci gaba da aikinki. Na maza ne ke kisa, namu ado ne.”

Gwaggo Zubaida ta rasu a 1974 tana kusan shekara hamsin da biyar, tana tsaye kan turmi, ta dafe ƙirji ta zauna. Mutane suka ce ai ta manyanta, ba wanda ya sa ta cikin lissafin gida. Adama ce kaɗai ta lura cewa zaman da gwaggonta ta yi, irin zaman da mahaifinta ya yi ne.

Aure da Zuri'a

A 1966 Adama ta auri Malam Tanko na Kurmin Kogi, manomin tumatir da barkono, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana, suka zauna shekara arba'in da tara har mutuwa ta raba. Allah ya ba su 'ya'ya biyar: Ahmadu a 1968, Mukarrama a 1970, Abdulrahman a 1972, Huzaifa a 1980, da Naja'atu a 1984.

Wajibi ne a ambaci wani abu a nan, domin in ba a san shi ba ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba. Adama ta tashi a hannun uwa Bafillatana, ta kuma riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi fiye da yadda yawancin matan zamaninta suka riƙe. Tun da aka yaye Ahmadu kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. Mahaifiyarsa ba ta ambatar sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ta kama dole sai ta ce “wancan”, ko ta yi wa bango magana shi kuma ya amsa wa bango. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, domin naman da ya fi kyau a tukunya kullum kwanonsa yake tafiya. Tarbiyya ce, kuma a lokacin abin yabo ce.

Abin da Yatsa Ya Gano

Daga 1970 sunanta ya fara fita, har ya zama ba a cika yin babban biki a ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan ba a aiko mata ba. Shekara fiye da hamsin ta yi tana kama ƙafafun mata, amare da ƙawayensu da iyayensu, kuma kowace ƙafa sai ta bi agararta da yatsu biyu kamar yadda aka koya mata.

A nan ne baiwar da Allah ya yi mata ta bayyana. Takan je ƙauyen da ba ta san kowa ba a ƙasar Kudan, ta kama ƙafar wata mata, ta ji ƙullun. Sai ta ce, kamar hira, “Ke kuwa 'yar wace ce?” A faɗa mata. “Ita kuma daga ina aka auro ta?” In aka bi, aka bi, sai zancen ya dawo kan wata mata da aka aurar daga gidan kakanninta na Nasarawan Doya. Sai ta sake tambaya, “Yayyenki maza fa, suna nan?” Sau da yawa amsar guda ce: ɗaya ya faɗi a gona, ɗaya a kan keke, duk ba su yi furfura ba. Mutanen can ba su taɓa danganta abin da wani gida ba, tun da su ma ta wajen uba suke ƙirga asali.

Ba ta rubuta ko ɗaya ba, a ka take ajiye su. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ta tabbatar wa kanta abu biyu: cewa mata ma suna ɗauke da shi, sai dai yana yi musu jinkiri, kuma cewa yana bin ɗan mace kamar yadda yake bin ɗan namiji.

Yayanta Gambo ya rasu a 1987 yana da arba'in da biyu, ya bar babban ɗansa Auwal. A 1995 ƙanenta Ja'afaru ya cika arba'in, ya yanko yadinsa, ya ambaci Ahmadu a matsayin mai riƙon 'ya'yansa. Adama ta same shi a gindin mangwaro ta faɗa masa abin da yatsunta suka gano.

Ja'afaru ya ce, “Yaya, ki bar mu da kayanmu. Ɗanki ɗan Tanko ne, sai ya ga jikan jikansa. Ko kishi kike mun fi ki gado?”

Ta ce, “Na ji shi a ƙafar matan Kudan.”

Ya ce, “To su matan Kudan ɗin sun mutu?”

Ja'afaru ya rasu a 2001, 'ya'yansa biyar suka koma hannun Ahmadu, Auwal kuma ya zama babban gida yana da shekara talatin, domin babu wanda ya girme shi.

Rasuwar Ɗan Fari

A safiyar Babbar Sallah ta 2004, Adama ta fito daga ɗaki ta hangi Ahmadu a tsakar gida yana alwala, ya naɗe wando. Ba ta buƙaci taɓawa ba. Ƙullun yana ƙafafu biyu, na dama ya fi girma. Ta koma ɗaki, ba ta fita idi ba ran nan.

Abin da ta iya yi shi ne ta kira matarsa ta ce, “Ki ce wa mutumin ɗakinki ya rage ɗaukar kaya masu nauyi.” Iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa ke nan. Matar ta isar da saƙo, shi kuma ya yi murmushi ya ce a gaya wa Inna ya ji. Ya kamata a yi mata adalci a nan: a lokacin ba ta san abin yana da suna a asibiti ba, balle magani.

Malam Ahmadu ya rasu a watan Maris na 2009, yana da shekara arba'in da ɗaya, yana tsaye ana loda kwandunan tumatirinsa a mota a bakin hanyar Kudan. Ya bar 'ya'yansa huɗu, ƙaramarsu ba ta cika shekara ba, da 'ya'yan kawunsa biyar, waɗanda suka zama marayu sau biyu.

Bayan sadakar arba'in, Adama ta kira Abdulrahman, wanda a lokacin yake koyarwa a wata makarantar firamare a Ikara, yana da shekara talatin da shida. A gaban mahaifinsa da ƙannensa ta ce, “Miƙo ƙafarka.”

Ya ce, “Inna, lalle za ki sa mini?”

Ba ta yi dariya ba. Ta kama agarar, ta bi ta, ta tsaya. Yana nan, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta kama ta Huzaifa, sumul. Daga wannan rana har shekara goma sha uku masu zuwa, abu ɗaya ne a gaban Adama: kada ta ga an fita da Abdulrahman kamar yadda aka fita da yayansa.

Zuwa Zariya

Shekara uku suka yi suna nema ba su dace ba. Wani ya ce kanta ce irin ta masu tafiyar ƙasa, wani ya ba da man shafawa, wani ya dubi Abdulrahman ya ce wannan siririn ina shi ina ciwon zuciya. A watan Yuni na 2012 ya cika arba'in. Bai yi shawara da kowa ba ya je Makarfi ran kasuwa, ya dawo da ƙunshin farin yadi ya ajiye a gaban mahaifiyarsa.

Ya ce, “Inna, ki ajiye mini.”

Ta ce, “Wa ya aike ka?”

Ya ce, “Ba wanda ya aike ni. Na ga dai ni ma ɗan gidan ne.”

Ta ɗauka ta sa a ƙasan akwatinta ta kulle, sa'an nan ta ce, “Ka nemi hutu. Zariya za mu, kuma ba za mu dawo da man shafawa ba.”

A wani babban asibiti a Zariya, bayan an tura su nan an tura su can, suka isa gaban wata likitar zuciya, mace matashiya. Da ta ji bayani sai ta sa Abdulrahman ya durƙusa a kan kujera, ta kama agararsa tsakanin babban yatsa da manuni, ta bi ta daga ƙasa zuwa sama. Adama ta zuba mata ido, can ta ce, “'Yar nan, a ina kika koyi ƙunshi?”

Likitar ta ce, “Mama, shekara goma sha ɗaya na yi ina karatu kafin a nuna mini wannan kamun. Ke wa ya nuna miki?”

Ta ce, “Gwaggona. Ita ma shi ya kashe ta.”

Aka ɗebi jinin uwa da ɗa. Sakamako ya nuna wani nau'in maiƙo da ake kira kwalastarol ya ninka abin da ya kamata fiye da sau biyu a jininsu duka. Bayanin likitar, kamar yadda Malam Abdulrahman ya maimaita shi, shi ne: jikin kowa yana yin wannan maiƙo kuma yana buƙatarsa, hanta kuwa tana da wasu ƙofofi ƙanana da take janye rarar daga jini. Umurnin gina ƙofofin yana cikin ƙwayoyin gado, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji kwafi mai tangarɗa, rabin ƙofofinsa ne ke aiki, sai maiƙon ya yi ta yawo a jini tun daga ranar haihuwa, yana kwanciya a agara da fatar ido inda ake gani, yana kuma kwanciya a cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciya inda ba a gani, har ranar da hanya za ta toshe. Ba ruwansa da ƙiba ko rama. Kowane ɗa, mace ko namiji, ta wajen uwa ko ta wajen uba, ko ya gada ko bai gada ba, rabi da rabi. Mata yakan yi musu jinkirin shekara goma ko fiye. Kuma akwai ƙwayar magani da ake sha kullum, wadda ke sa hanta ta ƙara buɗe ƙofofi.

An ruwaito cewa Adama ta ce, “Ashe duk shekarun nan akwai ƙofa.”

Likitar ta nemi a zana mata dangin, tana tsammanin mutum goma ko sha biyar. Sai da aka haɗa takarda huɗu da gam. A zama biyu Adama ta ambaci mutum ɗari da goma sha huɗu, zuri'a biyar, da garin kowa, da yadda ya rasu in ya rasu, matan kuwa har da ƙafar da ƙullun ya fi girma. Likitar ta kira abokan aikinta suka tsaya suna kallo.

Da aka zo kan 'ya'yanta, likitar ta ce, “Na farin fa, yaya sunansa?”

Abdulrahman ya buɗe baki zai amsa mata kamar yadda aka saba. Ta ɗaga masa hannu.

Ta ce, “Sunansa Ahmadu. Ni na haife shi. Na gani a ƙafarsa shekara biyar kafin ya tafi, ban gaya masa ba. Rubuta.”

Wannan shi ne karo na farko da wani mahaluki ya ji sunan a bakinta.

Ba Takarda, Ba Lalle

Uwa da ɗa suka fara shan magani, aka kuma ja musu kunne kan man shanu da kitse da taba, ko da yake likitar ta ce abinci kaɗai ba zai isa ba. Sauran aiki shi ne kawo dangi gwaji, kuma a nan aka sha wuya, domin mutum mai lafiya ba ya son a ce masa ba shi da lafiya.

A farkon 2013 Adama ta kafa doka: duk macen da ke cikin takardun nan huɗu, ko 'yarta, ba za ta kama mata ƙafa ba sai ta ga takardar gwajin jini. Mata suka yi ta guna-guni, wasu suka tafi wajen 'yan mata masu zanen zamani, amma amaren da suke son jan nan mai duhu wanda ke kai wata biyu bai goge ba, dole suka dawo. Mazan da ba muharramanta ba kuwa, matansu ta koya wa kamun, ta ce kowace ta je ta duba nata.

Wanda ya fi tauri shi ne Auwal, babban gida, wanda ya riga ya yanko nasa yadin tun 2011. Da bikin 'yarsa ya matso, ya zo Kurmin Kogi da kansa.

Ya ce, “Gwaggo, yarinya ta kawo takardarta. Me kuma ya rage?”

Ta ce, “Taka.”

Ya ce, “Ni zan shiga lallen ko ita?”

Ta ce, “Ita za ta shiga, amma ƙafarka nake jira.”

Ya ce, “Gwaggo, ajali ba ya jin ƙwaya. Baba bai sha ba, Kaka bai sha ba.”

Ta ce, “Shi ya sa kake babban gida tun ba ka iya naɗa rawani ba. Kai da kake zuba wa rake taki, me ya hana ka bar shi da ƙaddara? Ajali na Allah ne, ban yi musu ba. Ita ma ƙwayar ba Fir'auna ya halicce ta ba.”

Ya tashi cikin fushi. Bayan kwana shida ya aiko da takarda a cikin ambulan, ba gaisuwa. Maiƙon jininsa ya fi na kowa hawa.

A ƙarshen wannan shekara an gwada mutum tamanin da ɗaya. Cikin rayayyu talatin da ɗaya da Adama ta ce suna da shi, an samu talatin. Ɗayan tsohon saran fartanya ne ya warke da tauri. Amma cikin waɗanda ta ce ƙafarsu sumul, an samu goma sha huɗu suna ɗauke da shi, dukansu yara da matasa, har da 'yar autar Malam Ahmadu mai shekara biyar, domin ƙullun sai ya ɗauki shekaru kafin ya fito. Da aka gaya mata ba ta ji haushi ba. Cewa ta yi, “Yatsa abin da ya daɗe yake gani. Kwalbar asibiti ita ke ganin mai zuwa.”

A 2016 likitar ta aika jinin mutum shida wani wurin bincike mai nisa, inda ake karanta ƙwayoyin gado kansu. Aka samu tangarɗar a wuri guda, iri guda, a jikin duka shidan, har da wata mata ta ƙasar Kudan da wani magidanci na Nasarawan Doya da ba su taɓa ganin juna ba. Misalinsa kamar littafi ne mai kaurin da ba a iya ɗauka, wani magabaci da ba a san sunansa ba ya samu nasa da ɗigo ɗaya a inda bai kamata ba, aka yi ta kwafa hannu zuwa hannu fiye da shekara ɗari, ɗigon nan bai ɓata ba, bai kuma matsa ba. Kuma wata mata da ba ta wuce rubuta sunanta ba ta bi sawunsa ƙauye ƙauye da yatsu biyu. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

Ba kowa aka samu ba, kuma bai kamata tarihi ya ɓoye ba. Mutum bakwai sun ƙi gwaji har yau. Wani ɗan 'yar'uwarta a Kudan ya sha magani shekara biyu, ya ce ai ya warke, ya bari, ya rasu a 2018 yana da arba'in da bakwai.

Shekarun Ƙarshe

Malam Tanko ya rasu a 2015. A 2018 Adama ta sauke farali. Tun daga nan ta rage zuwa biki, domin ƙirjinta yakan riƙe in ta yi tafiya, likitar ma takan ce yadda ta kai shekara sittin da huɗu ba magani abin mamaki ne, tun da ko cikin masu gado iri ɗaya Allah bai yi jiki ɗaya ba.

A 2021 Auwal ya cika shekara hamsin, namiji na farko da aka sani ya kai haka a gidan Malam Yahuza. Gidan yana da al'adar arba'in amma ba shi da ta hamsin, aka rasa abin da za a yi, sai aka dafa shinkafa aka raba. Gemunsa ya fara fari, yaran gida suka riƙa zuwa suna leƙensa, don ba su taɓa ganin furfura a fuskar ɗan gidan ba. Tun daga 2014 babu wanda ya sake zuwa Makarfi yanko yadi.

A watan Yuni na 2022 Abdulrahman ya cika hamsin. Ya zo gaishe ta, ya ce, “Inna, kayan nan da na ba ki ajiya, ko a fito da shi a yi sadaka?”

Ta ce, “Ka ga na ce ya dame ni?”

Ya ce, “A'a, na ga dai shekara goma.”

Ta ce, “Bar shi inda yake. Yana da mai shi.”

Rasuwa da Jana'iza

Hajiya Adama ta rasu ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, da hantsi, a ɗakinta a Kurmin Kogi, tana da shekara saba'in da shida, bayan jinyar kwana tara ta ciwon zuciya. Ta bar wasiyya a wajen 'yarta Mukarrama cewa a buɗe ƙasan akwati, abin da aka samu a nan da shi za a suturta ta.

Da mata masu wanka suka warware yadin sai suka ga ba zai isa ba, domin awon namiji aka yanko, likkafanin mace kuwa ya fi yawa. Ana shawarar a aika kasuwa, sai Malam Auwal, wanda ke zaune a zaure, ya ce a dakata. Ya hau babur da kansa ya koma Nasarawan Doya, ya dawo da nasa, wanda ya yi shekara goma sha uku a akwatin matarsa. Ya miƙa ta bakin ƙofa ya ce, “A haɗa. Ita ta hana shi aiki, ita ya kamata ya yi wa.”

Aka haɗa biyun, suka isa har da saura. An yi mata salla bayan la'asar, mata daga ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan suka cika gida har waje, aka kai ta maƙabartar Kurmin Kogi, aka sa ta kusa da ɗanta na fari.

Ta bar jikoki ashirin da bakwai, cikinsu har da 'yar autar marigayi Malam Ahmadu, wadda ta tattara wannan tarihi daga bakin waɗanda suka gani. Ta kuma bar 'ya'ya huɗu: Mukarrama, mai shekara hamsin da huɗu, wadda ta gaji sana'ar, Huzaifa, mai arba'in da huɗu, Naja'atu, mai arba'in, da Abdulrahman, mai shekara hamsin da biyu, wanda ya kama gaban makara, da furfura a gemunsa.

Allah ya jiƙanta, ya yalwata makwancinta, ya sada ta da wanda ta kira sunansa sau ɗaya.